Turbo a kan K24: sai an sauya ritena da sifirin bawul, ko na kamfani sun isa?

Ɗan Gareji:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa. Tambayata kan Accord ce ta 2003 zuwa 2005, mai injin K24A4. Ana so a ɗora mata turbo, matsin iska bar 0.7, ba za a taɓa kamshaf ba (kam, sandar da ke buɗe bawul), kuma gudun inji zai tsaya a rpm 6,500 inda Honda ta ja jan layi. Masu sayar da kaya sun nace lallai sai an sa ritena ta taitaniyam, hular nan da ke danne kan sifirin bawul, wai in ba haka ba inji zai haɗiye bawul. Gaskiya ne? In an bar ta kamfani me zai faru?

Oga Mai Tof:
Wa alaikumus salam. Ritena ba ta san akwai turbo a mota ba. Aikinta ɗaya ne: ta karɓi ƙarfin sifirin ta miƙa wa sandar bawul ta hanyar kota biyun da ke zaune a tsakiyarta, ƙananan ƙarafan nan da ke damƙe sandar. Abin da ke wahalar da ita ƙarfin sifirin ne da gudun inji, da kuma duka in bawul ya fara tsalle. Iskar turbo ba ta isa wajenta. Saboda haka ka fara da tambayar ko sifirin ɗin zai riƙe bawul a rufe. In zai riƙe, ritenar kamfani ta zauna. In sai an sauya sifirin, to ritena ta biyo shi, don kowace an yanka ta ne daidai da faɗin sifirin ɗinta.

A bar 0.7 da 6,500 da kam na kamfani, in sifirin ɗin lafiyayyu ne, ba a buƙatar taitaniyam.

Mai Lissafi:
Oga, a bar ni in sa lamba a kan maganar nan don a ga girmanta. Kan bawul ɗin shigar iska a wannan inji milimita 35 ne, na fitar hayaƙi 30. Faɗin fuskar mai 35 ya kai santimita murabba'i 9.6. In ka cire wurin da sanda ta cinye da gefen da ke zaune a kan sit (mazaunin bawul a kan inji), abin da iska ke turawa daga baya bai wuce 8.5 ba. Bar ɗaya kusan kilo ɗaya ne a kan kowace santimita murabba'i. Ke nan:

bar 0.7 yana tura bawul da kilo 6
bar 1 da kilo 8 da rabi
bar 2 da kilo 17

Galibin injunan motocin gida masu bawul huɗu a silinda, sifirin ɗinsu yana danne bawul a kan sit da wajen kilo 20 zuwa 30. Cire 6 daga 25, saura 19, da sauran dama. Cire 17, saura 8, nan kam ba zama. Shi ya sa mai neman bar 2 ba ya jayayya da sauya sifirin.

Mai Birenbos:
Malam Mai Lissafi, lissafinka daidai ne a takarda, amma ka lissafa gefe ɗaya ka bar ɗayan. Bawul kamar ƙyauren ƙofa yake: in iska na tura shi daga waje, wata iskar mai ƙarfi ɗaya na tura shi daga ciki, mai riƙe da ƙofa bai ji komai ba. Bambancin matsin gaba da baya shi ne ke aiki.

Mu bi bawul ɗin shigar iska. Lokacin da zai rufe, silinda ta riga ta cika da iskar turbo, matsin ciki da na manifol, bututun da ke kawo iska, kusan ɗaya ne, fistan kuma ya fara hawa yana ƙara danne shi. Lokacin ƙonewa ba a magana. Lokacin fitar hayaƙi, matsin silinda yana bin na manifol ɗin hayaƙi, wanda a motar turbo galibi ya fi na iskar shiga. To yaushe ne kilo 6 ɗin nan suka same shi shi kaɗai? Kusan babu.

Wanda ke shan wahala a turbo shi ne bawul ɗin fitar hayaƙi. Fankar turbo ta tare hanya, hayaƙi ya taru a bayansa. A ƙaramin turbo mai matsattsen gida, matsin hayaƙi kan ninka na iskar shiga in inji ya hau sama. Bar 0.7 a gaba, 1.4 a baya. Yana rufe lokacin da fistan ke zuƙar iska, bambancin 0.7 ne a kan wajen santimita murabba'i 6, kilo 4 ke nan. Amma direba ya saki totur ba zato a 6,000: silinda ta koma zuƙa, matsin ciki ya faɗi ƙasa da na sarari, hayaƙin baya bai gama sauka ba. A wannan ɗan lokacin bambancin yana iya kai bar 2, kilo 12 ko fiye. Kuma daidai lokacin da bawul ɗin ke sauka kan sit yana neman ya yi tsalle, babu wani matsi daga ciki da ke taya shi zama.

Mai Lissafi:
Na karɓi wannan a kan turbo. Amma a sufacaja, mai jan bel, lissafina yana nan daram. Babu fanka a hanyar hayaƙi, don haka a ƙarshen fitar hayaƙi matsin silinda ya kusa na sarari, iskar manifol kuwa tana bayan bawul ɗin shiga da cikakken ƙarfinta.

Mai Birenbos:
Haka ne, a sufacaja gefen shiga ake dubawa. A turbo a fara da gefen hayaƙi. Sannan duk wanda zai kunna tsarin nan na riƙe inji a tsaye yana harbi a salansa don turbo ya cika kafin tashi, ya sani kowane harbi guduma ce a bayan bawul ɗin hayaƙi. Da wannan tsarin, ko a bar 0.7 sai an ƙara ƙarfin sifirin. Yana iya ɗaga bawul daga sit, roka, hannun da kam ke danna bawul da shi, ta sami sarari, ta dawo ta doki kan sanda.

Baba Mai Dizal:
Ku yara kuna ta lissafi da sifirin sabo. Motar nan ta haura shekara 20. Sifirin yana gajiya, zafi yana cin ƙarfinsa, balle injin da ya taɓa tafasa. Kada a ɗauka kilo 25 na nan. A ciro su a kai wurin masu gyaran tof, wato kan inji inda bawul suke, a danna kowanne a ma'auni zuwa tsayin da yake zama a inji a karanta. Wanda ya gaza 'yan'uwansa da kashi 10 cikin 100 ya tashi aiki, kuma ba a sauya ɗaya a bar sauran. A kuma tsayar da kowanne a kan gilashi kusa da sukwaya a juya shi, in ya karkace zai riƙa tura sanda gefe yana cin gayid, bututun da sandar ke zirga-zirga a ciki.

Ɗan Gareji:
Na gode Baba. To in ma'auni ya nuna sun gaji, a sayi sababbi na Honda ne, ko a wuce zuwa masu ƙarfi irin na kamfanonin Supertech ko Brian Crower? Kuma in za a sayi saitin, akwai mai ritenar ƙarfe akwai mai taitaniyam. Wanne?

Oga Mai Tof:
In har ba za a wuce bar 0.7 zuwa 1 ba, kuma gudun inji bai sauya ba, sabon sifirin mai ɗan ƙarin ƙarfi, guda ɗaya ba tagwaye ba, wanda aka yi shi ya zauna a ritenar kamfani, ya wadatar. Kilo 30 zuwa 35 a kan sit ya isa wannan aiki.

Maganar taitaniyam kuwa, amfaninta sauƙin nauyi ne kawai. Nauyinta giram 4.4 ne a santimita kubik, ƙarfe 7.85. Mu ɗauka ritenar ƙarfe giram 12 ce, ta taitaniyam 7. An rage 5. Amma abin da sifirin ke fama da shi ya haɗa da bawul, da kota, da kusan sulusin nauyin sifirin ɗin kansa, da rabon roka. Mu ce giram 90 gaba ɗaya. Daga 90 zuwa 85 zai ba ka ƙarin gudu kashi 3 cikin 100 kafin bawul ya fara shawagi, wato ya daina bin kam don sifirin ya kasa riƙe shi, wajen rpm 200 a 7,000. Ga mai tsere a 9,000 wannan riba ce. Ga motar da za ta tsaya a 6,500 ba abin da ta ƙaru da shi.

Ga kuma kuɗin da ake biya. Taitaniyam ba ta jure gogayya da ƙarfe mai tauri. Bakin sifirin yana juyawa a ƙarƙashinta yana sassaƙarta a hankali, musamman sifirin tagwaye, ko mai falalen ƙarfe a ciki mai kashe rawa. Garin da ya fita yana bin baƙin mai. In ƙasan ritenar ya ci, tsayin sifirin ya ƙaru, ƙarfinsa ya ragu, leɓen ritenar ya sirance har ya tsage. Mai motar tsere yana buɗe murfin tof a kai a kai yana dubawa. Motar da za ta yi Kano zuwa Abuja ta dawo, wa zai riƙa buɗe ta? Ga ƙurar hunturu da ke shiga mai in ba a kula da filta da juye ba, ta ƙara kaifin gogayyar. Motar titi, ritenar ƙarfe. In ana son sauƙin nauyi da juriya tare, akwai wadda ake yi da ƙarfen da ake ƙera kayan yanka, ana iya siranta ta har nauyinta ya kusa na taitaniyam. Ta alminiyam kuwa kada ma a kawo ta.

Mai Tsere:
Oga, ina da ja. Ba wanda ke sa turbo ya tsaya inda ya fara. Wata uku za a ce a ƙara iska, a ɗaga jan layi zuwa 7,500 ko 8,000. Tunda za a buɗe, a sa tagwayen sifirin mai kilo 40 ko 45 da taitaniyam sau ɗaya a huta. Ƙarfin da ake buƙata yana hawa ne da ninkin gudu a kan kansa: daga 6,500 zuwa 8,000 ƙarin kashi 51 cikin 100 ne. Kuma ritenar kamfani tana fashewa, an gani a Honda S2000.

Oga Mai Tof:
Kashi 51 ɗinka daidai ne. Amma duba abin da ya faru a S2000. Ta farkon, ta 1999 zuwa 2003, injinta F20C yana kai 9,000. Ritenar gefen shigar iska tana tsagewa ne bayan direba ya kuskure giya, ya jefa ta biyu maimakon ta huɗu, tayoyi suka ja inji ya wuce iyakarsa. Maganin da masu motar suka sani shi ne ɗauko ritena da kota na samfurin 2004 zuwa sama, masu kauri, su ma na ƙarfe ne na Honda. Gudun inji ne ya fasa su, ba iska ba, kuma ƙarfe ne ya gyara.

Sannan K24 tafiyar fistan ɗinsa milimita 99 ce. A 8,000 matsakaicin gudun fistan mita 26 ne a daƙiƙa. Konrod na K24A4, sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf, da famfon mai mai haɗe da sandunan kashe girgiza, ba a yi su don wannan ba. Wanda zai je can sai ya sauya fistan da konrod da famfo, galibi ya sauya tof ɗin ma zuwa na K20A2 ko K24A2, lokacin sifirin da ya saya yau ƙila ba shi zai yi amfani da shi ba.

Baba Mai Dizal:
Kuma sifirin mai ƙarfi fiye da kima ba kyauta yake zama ba. Kullum, ko a silo, yana matse kam da roka. Injin K an san shi da zaizayar kam na gefen hayaƙi, an kuma san tenshinan taimin cen ɗinsa, abin da ke ɗame sarƙar da ke juya kam, ba ya son sifirin mai tauri, haƙoransa suna cinyewa, cen ya yi sako-sako ya tsallake haƙori. Cen ya tsallake, fistan ya gaisa da bawul. Wanda ya sa kilo 45 ya sa sabon tenshina, ya kuma riƙa leƙa shi. Sit ɗin bawul ma yana shan duka, bawul yana nutsewa, gibin roka yana rufewa.

Mai Tsere:
Na yarda da tenshina. Amma na fi son kam ya ci a hankali da bawul ya yi shawagi sau ɗaya.

Mai Birenbos:
Shawagi ba ya ɓuya, ana ganinsa tun bai yi ɓarna ba. A daino, na'urar auna ƙarfin inji, layin ƙarfi yana hawa sumul sai ya karye ya fara zigzag a wani gudu, in ka rage iska matsalar ta matsa sama. Kada a rikita shi da wutar fulogi da iska ke hurewa: rage gibin fulogi zuwa milimita 0.6 ko 0.7, in ya daina to wuta ce. In ana son tabbaci, a huda manifol ɗin hayaƙi kafin turbo, a ja siririn bututun tagulla mai tsawo don hayaƙi ya huce, a sa geji. In ya nuna ninki biyu na iskar shiga ko fiye, gidan fankar ya yi ƙanƙanta, a faɗaɗa shi kafin a ɗora wa sifirin laifi.

Oga Mai Tof:
A ƙarfen ma yana barin shaida. Ramin sandar bawul inda kota ke kamawa ya yi ƙyalli ko ya tashi kaifi. Kan sanda ya yi zane barkatai. Saman kota ya goge. In ka jera idonka a kan ritena 16 ka ga ɗaya kota da kan sanda sun nutse cikinta fiye da sauran, ta fara buɗewa daga ƙasa, a cire ta ranar.

Ɗan Gareji, duk saitin da aka saya, ga abin da za a auna kafin a tayar da inji, bawul bayan bawul.

Tsayin zama. Sa wosha ta ƙasan sifirin, sa bawul da ritena da kota ba sifirin, ja ritenar sama da ƙarfi, auna daga woshar zuwa inda sifirin zai taɓa ƙasan ritena. Ritenar wani kamfani tana iya zama sama ko ƙasa da rabin milimita. A sifirin mai kilo 5.5 kowace milimita, rabin nan kusan kilo 3 ne. Bawul da aka yi wa girandin sit ya nutse, tsayinsa ya ƙaru, sai a cike da shim, siririyar woshar ciko, a ƙarƙashin woshar. Shim yana zuwa da kaurin milimita 0.38 da 0.76 da 1.5.

Haɗewar zoben sifirin. Tsayin zama, cire iyakar buɗewar bawul, cire tsayin sifirin in ya matse ƙurmus. Misali 40 cire 11 cire 26.5, saura 2.5. Kada ya gaza 1.5. Nan masu son ƙara ƙarfi da shim ke faɗawa: ka sa shim 1.5 a wannan misalin saura 1.0, ya yi kaɗan. Zobba suka haɗe, roka ko kam ko ritena ɗaya zai karye.

Tsakanin ƙasan ritena da sil ɗin bawul, robar da ke hana mai bin sanda, in bawul ya buɗe gaba ɗaya, milimita 1.5 mafi ƙaranci, 2 ya fi. In ta taɓa sil za ta murƙushe shi, mota ta fara shuɗin hayaƙi.

Tsakanin gefen ritena da cikin roka, wajen milimita 1, a duba bawul yana rufe. Ritenar tagwayen sifirin ta fi faɗi. In roka ta danna ritena maimakon kan sanda, kota ta saki, bawul ya faɗa silinda.

A gefen shiga na K24A4, a ƙaramin gudu bawul ɗaya ɗan kaɗan yake buɗewa, sai VTEC, tsarin Honda na sauya buɗewar bawul, ta kama su biyun su bi babban kam. Da buɗewar babban kam za a yi lissafin duka biyun.

Ɗan Gareji:
Kota fa, Oga? Za a iya mayar da tsofaffin?

Oga Mai Tof:
Guda 32 ne, a sa sababbi. Abin lura shi ne kusurwa. Bayan kota a karkace yake, ramin ritena ma haka, karkatar ce ke sa su ƙara damƙe sanda duk lokacin da sifirin ya ja. Akwai mai digiri 7, akwai mai 10, akwai wasu. In kusurwar ba ɗaya ba ce, za su taɓa juna a siririn layi maimakon duk fuska, su ci juna har kota ta zurma. Kaurin sanda ma dole ya dace, a nan milimita 5.5, da siffar ramin. Ka tambayi mai ritenar wace kota aka yanka ta dominta. Gwaji mai sauƙi: shafa tawadar alƙalamin maka a bayan kota, haɗa a kan bawul, ja da ƙarfi, kwance. Tawadar ta goge daga sama har ƙasa. Kuma rabi biyun kada su haɗe baki da baki ta kowane gefe, dole a ga ɗan gibi, don in sun haɗe juna suke matsewa ba sanda ba.

Baba Mai Dizal:
A kiyayi saitin da ba takarda. Na gaskiya yana zuwa da tsayin zama, da ƙarfi a kan sit, da ƙarfi a buɗe, da tsayin haɗewa a rubuce. Kwali mai tambari ba shaida ba ne, ana buga na jabu. Ko na gaskiya ne, a danna biyu ko uku a ma'auni a gwada da takardar. Kada a kama sifirin da filaya ko bais mai haƙori, ƙarzane ɗaya a jikin waya daga nan yake karyewa. Mai tsatsa ko ɗigo ɗaya ne, a ajiye shi.

Ɗan Gareji:
Sai an sauke tof, ko za a iya yi a kan mota?

Oga Mai Tof:
Ana yi a kan mota. Kawo silinda ta 1 sama a kan alamar taimin. Buɗe ƙaramin murfin da ke jikin kabar cen, kulle tenshina da fil, cire shi. Kwance kam biyu, ɗaure cen da waya kada ya zube ƙasa, ɗaga jerin roka gaba ɗaya ba tare da zare kusoshin ba don kada su warwatse. Toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa da tsumma mai tsabta, kota ɗaya ta faɗa can sai an sauke som, kaskon mai na ƙasan inji.

Riƙe bawul hanya biyu ce. Iskar kwamfuresa ta ramin fulogi, bar 6 zuwa 7, amma tana iya tura fistan ƙasa inji ya juya, kuma in wuta ta ɗauke tanki ya sauka, bawul ya tafi. Ko igiyar nailan mai laushi: sauke fistan kaɗan, zura wajen mita biyu ta ramin fulogi ka bar jela a waje, juya inji da hannu har ta matse bawul. Inda wuta ba tabbas, igiya ta fi. Tunda kam na waje duk bawul a rufe suke, juya inji ba haɗari, a dai ja cen sama yayin juyawa. 1 da 4 suna hawa tare, rabin juyi ya kawo 2 da 3.

Ɗora soket a kan ritena ka ɗan buga don kota ta saki, danna da abin matse sifirin, ɗauke kota da maganaɗisu. Sauya sil tunda an zo wurin: a Honda na shiga mai farin zobe ne, na hayaƙi mai baƙi, kada a musanya. Woshar ƙarfe ta ƙasa dole ta koma, in ba haka ba sifirin zai haƙa alminiyam ɗin tof. In zobban sifirin sun fi matsuwa a gefe ɗaya, wannan gefen ne ke kallon tof. Ɗan giris a cikin kota yana riƙe ta a sanda. Bayan an saki, buga kan sanda sau biyu ko uku da gudumar roba, a miƙe ba a karkace ba, fistan yana ɗan ƙasa, don kota ta zauna.

Mai Birenbos:
In an haɗa, a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku a sake duba alamar taimin kafin a taɓa makulli. Gibin roka ana saita shi inji na sanyi: a K24A4 gefen shiga 0.21 zuwa 0.25, gefen hayaƙi 0.28 zuwa 0.32. Da turbo a tsaya a ɓangaren sama na gefen hayaƙi, 0.31 ko 0.32, don bawul ɗin zai fi zafi ya ƙara tsawo, in gibin ya rufe ba zai zauna ya sauke zafinsa a sit ba, sai ya ƙone. Sabon sifirin kuma ba a hau masa da gudu yana sanyi. A bar inji tsakanin 1,500 da 2,000 har fankar lagireto ta kama, a kashe, ya huce sarai, sannan a fita titi.

Mai Tsere:
In aka bi shawarar Oga aka sa ƙarfe, yaushe za a sake buɗewa a duba?

Oga Mai Tof:
A juyen farko bayan an gama saita birenbos, kwamfutar inji, wajen kilomita 1,000. A sake auna gibi a rubuta na kowane bawul, a haska tocila a kan kota 32 a ga tsayinsu ɗaya ne. Bawul ɗin hayaƙi da gibinsa ya ragu da 0.05 ko fiye a wannan ɗan zaman, ko yana nutsewa a sit ko sanda tana miƙewa saboda zafi, a duba man da ake ba inji da lokacin wuta kafin a ƙara iska ko kaɗan. Mai taitaniyam kuma ya ciro biyu daga gefen hayaƙi na silinda ta 2 da ta 3, ya juya ƙasansu ya ja farce a inda sifirin ke zama. In farce ya maƙale a rami, duka 16 za a sauya.